Ebola da maleriya, wacce ta fi kisa? Amsa ga ƙanwata mai karatun kiwon lafiya

Wata ƙanwata da take karatun kiwon lafiyar al'umma ta turo min tambaya da daddare, ta ce: "Yaya ni fa kaina ya ɗaure. Malaminmu ya ce Ebola tana kashe kusan rabin waɗanda ta kama, kuma bai fita daga ajin ba ya dawo ya ce zazzaɓin cizon sauro ya fi ta kashe mutane nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka? Sannan su insidens da firibalens ɗin nan kullum sai na haɗa su na cakuɗa, ga jarrabawa ta matso."

To ƙanwata, malaminku bai yi tufka da warwara ba, duka biyun gaskiya ya faɗa miki. Abin da ya rikita ki shi ne kalmar "kisa" ɗin, tambayoyi biyu ne daban kika zuba su a kwano ɗaya. Aikinmu na bin diddigin cututtuka kusan dukkansa rabawa ne irin na firamare, lamba a sama lamba a ƙasa, kuma rigimar kullum tana wajen ta ƙasan. Shi ya sa ni duk wanda ya zo min da adadi, ko a rediyo na ji ko a wajen taro, kafin na ce uffan sai na tambaya: cikin mutum nawa? A tsawon wane lokaci? Kuma waye ya ƙirga? In kin riƙe waɗannan ukun wallahi rabin jarrabawarki kin ci.

Bari mu fara da Ebolar. Annobar da aka yi a Afirka ta Yamma daga 2014 zuwa 2016, wadda ta fi ƙamari a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kama mutum sama da 28,600, ta kashe sama da 11,300. Ki raba na biyun da na farkon, za ki samu kusan kashi 40 cikin 100. Wannan shi ne ma'aunin kisa a cikin waɗanda suka kamu, wato in cutar ta riga ta shige ka, yaya yiwuwar ta tafi da kai. Yanzu ki ɗauko maleriya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 shi ne an samu kamuwa miliyan 249, mutum 608,000 suka rasu. In kin raba za ki ga wajen mutum ɗaya ne a cikin kamuwa ɗari huɗu, abin kamar ba komai ba in kin ajiye shi kusa da kashi arba'in. Amma ki raba 608,000 ɗin da kwanakin shekara, kullum ta Allah sama da mutum 1,600 ke nan. Ma'ana abin da Ebola ta kashe a shekara biyu duniya tana ta ihu ana rufe iyakoki, maleriya a sati ɗaya take kashe shi shiru babu wanda ya ji, kuma galibinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nauyin. Kin ga ke nan in mutum ɗaya ne a gabanki a kwance, gara ya zama maleriya ce ta kama shi, amma in gari guda kike kallo, maleriya ce babbar mai cika maƙabarta.

A Najeriya ma Ebolar ta shigo ta Legas a watan Yulin 2014, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana mutumin da ya shigo da cutar fita daga asibiti. Takwas cikin ashirin, kashi 40 ke nan shi ma. Sai dai ki yi hattara da kaso in mutanen kaɗan ne, domin da mutum biyu kacal sun ƙaru a mamatan da ya koma kashi 50, da biyu sun ragu da ya koma 30. Duk lokacin da kika ga an rubuta kaso ba a faɗi adadin mutanen ba, ki nemi adadin tukuna. Akwai kuma ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka riga suka bayyana kusan babu mai tashi, kusan ɗari bisa ɗari, amma ba shi ne yake gaba a jerin masu kashe mutane ba don masu kamuwa ba su da yawa.

Wani abin da ɗalibai suke tsallakewa shi ne wannan kason ba halin ƙwayar cutar kaɗai yake nunawa ba, har da halin da asibitinmu yake ciki. Kwalara ce babban misali. In mai tsanani ce aka bar mutum ba magani tana iya kashe har rabin waɗanda ta kwantar, amma in aka mayar wa mutum da ruwan jikinsa da wuri bai kamata ta kashe ko ɗaya cikin ɗari ba. Na taɓa aiki a sansanin masu amai da gudawa da damina, irin gadon nan mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, ƙafarka kullum cikin ruwan kulorin har takalminka ya koɗe. Za a kawo miki ƙato majiyi ƙarfi a amalanke, ido ya faɗa, fatar hannu in kin ja ta sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa, jijiya ta ɓuya ana ta nema, amma da an samu an jona ledar ruwa an bi da ruwan gishiri da sukari, kafin la'asar sai ki ji yana tambayar ina wayarsa. Wanda ya rasu kuwa in kin bibiya, yawanci ya kwana a gida ana jiƙa-jiƙa, ko hanyar ƙauyensu ruwa ya cinye. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ba da rahoton mutum 111,062 da ake zargin sun kamu da kwalara, 3,604 suka rasu, kashi 3.2 ke nan. Wani zai ce ai kaɗan ne. Ni kuwa in na ga wannan lambar abin da nake karantawa shi ne mun ninka abin da ya kamata har sau uku, mutane ba sa isowa da wuri, ko in sun iso ba kayan aiki.

Sannan akwai tarkon da yake ƙasan layin. Su waye "waɗanda suka kamu"? Waɗanda muka gani ne kawai, waɗanda suka zo asibiti aka rubuta su. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wajen kashi 80 na masu kamuwa da shi ba sa yin wani ciwon kirki, wasu ma ba su san sun yi ba. In aka haɗa kowa da kowa kisansa wajen ɗaya cikin ɗari ne, amma a cikin waɗanda ciwon ya kai su ga kwanciya a asibiti yana kai kashi 15 ko ya wuce. Cuta ɗaya, lamba biyu, kuma babu wadda ƙarya ce. Shan inna ma haka, wajen yaro ɗaya ne cikin ɗari biyu da ƙwayar ta shiga yake shanyewa, shi ya sa in aka samu yaro ɗaya tak a gari hankalin kowa yake tashi, don mun san akwai ɗaruruwa a bayansa suna yawo da ita.

Yanzu mu zo kan waɗannan biyun da suke ba ki wahala. Ki manta da turancin tukuna. Insidens sabbin kamu ne, mutum nawa ne lafiyarsu ƙalau sai cutar ta kama su a cikin wani lokaci da muka ƙayyade, sati ko wata ko shekara. Firibalens kuwa masu ɗauke da cutar ne a yanzu, sabo da tsoho duk a haɗe, kamar kin tsayar da gari cak kin ɗau hoto. Ni da tashar mota nake koya wa ɗalibaina. Ki tsaya a bakin ƙofar tasha ki dinga ƙirga masu shigowa daga safe zuwa azahar, wannan sabbin kamu kike ƙirgawa. Ki shiga ciki da ƙarfe goma sha biyu daidai ki ƙirga duk wanda yake zaune a benci, wannan firibalens ne. To me yake cika tasha? Abu biyu ne, yawan masu shigowa da kuma daɗewar da suke yi kafin su tashi. Tashar da mota take cika duk minti goma, ko mutum dubu suka bi ta cikinta a rana, in kin leƙa za ki ga benci wayam. Wadda kuwa sai an yini ana jiran fasinja, ko mutum talatin ne suka shigo za ki same su duk a zaune suna cin rake. Wannan shi ne abin da ake rubuta muku a allo cewa firibalens kusan daidai yake da insidens sau tsawon lokacin ciwo, in abubuwa suna tafiya a daidaice ba lokacin annoba ba.

Mura irin tasha ta farko ce, kowa yana yi, kwana biyar ta wuce. Hawan jini da ciwon suga da sikila irin ta biyu ne, in an shiga an zauna ke nan. Kuma abin lura, tashar cuta ƙofar fita biyu gare ta, ko mutum ya warke ko ya rasu, kuma dukkansu rage yawan na zaune suke yi. Nan ne mutane suke faɗawa rami. A ce yau an ce miki masu ɗauke da wata cuta sun ragu a gari, kar ki yi saurin yin guɗa, ki tambaya warkewa suka yi ko binne su aka yi. Haka in an ce sun ƙaru, ba lallai abin ya lalace ba. Cuta mai karya garkuwar jiki ita ce misalin da ya fi fitowa fili: kafin maganin rage kaifinta ya wadata mutane ba sa daɗewa, da magani ya zo sai suka ci gaba da rayuwa shekara ashirin, talatin, suna aure suna haihuwar yara lafiyayyu, don haka adadin masu ɗauke da ita zai iya tsayawa ko ya hau alhali sabbin kamu suna sauka. Binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018, wanda aka sanar da sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne suke ɗauke da ita, wajen mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasar in an haɗa kowa. Kafin nan ana cewa kashi 2.8 ne. Na ji mutane suna cewa an rage cutar da rabi, a'a, awon ne ya gyaru, da can yawanci daga mata masu zuwa awon ciki ake ɗaukar lissafin a shafa wa kowa, wannan karon kuwa gidaje aka bi aka gwada maza da mata.

To wanne ake amfani da shi a ina? In kina so ki san magani nawa za a saya, gado nawa, ma'aikata nawa, firibalens za ki duba. In kuwa so kike ki san ko rigakafi yana aiki, ko annoba ta taso, ko me yake jawo cutar, sai sabbin kamu. Mu nan da muke cikin yankin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha, da zarar hunturu ya ja baya zafi ya fara shigowa, duk sati ake ƙirgawa. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a sati ɗaya an shiga matakin gargaɗi, a fara bincike a tanadi magani, in ya kai 10 cikin 100,000 a sati to annoba ce. Wanda ya ga 1996 ba sai an yi masa bayanin dalilin wannan tsantsenin ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum 109,580 a Najeriya ya kashe 11,717, wajen kashi 11 cikin ɗari, galibi a nan Arewa.

Wannan "cikin 100,000" ɗin ya taɓa haɗa ni da wani shugaban ƙaramar hukuma. Mun kai rahoto, ya ga yankinsa ne ya fi kowa yawan masu cutar a takarda, ya hau faɗa wai so muke mu ɓata masa suna a wajen gwamna. Na ce ranka ya daɗe, ai garinka ya ninka na maƙwabcinka yawan jama'a sau da yawa, kuma babban asibitin yana wajenka, mutanen ƙauyukan can ma nan suke zuwa a rubuta su da sunanka. Da muka raba da yawan jama'a muka kuma mayar da kowane mara lafiya garin da ya fito, sai ga shi wata 'yar ƙaramar gunduma da ba wanda ya kula da ita ce wutar take ci. Ya yi shiru, can ya ce to a kai allurar can ɗin. Na ji daɗin hakan, don ba kowa ne yake sauka ba.

Amma kar na yi miki daɗin baki, lambar ƙasan nan ita ce ciwon kanmu. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, tun daga nan ƙiyasi ake yi ana ƙara wani kaso duk shekara, ba ruwan lissafin da wanda rikici ya kora daga ƙauye ya dawo gari, ko unguwannin da suka tsiro a inda da gona ce. Shi ya sa za ki ga rahoton rigakafi an rubuta an yi wa sama da kashi ɗari na yara allura. Ba aljanu aka yi wa ba, yaran ne suka fi abin da takarda ta ce.

Akwai ɗan ƙanin insidens da za a iya tambayarki, wanda ake amfani da shi in abu ya faru farat ɗaya a cikin mutanen da aka san adadinsu. A ce an yi walimar biki mutum 200 suka ci abinci, washegari 60 suna gudawa, kashi 30 ke nan abin ya kama. Sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda, me kika ci me kika sha. A ce cikin 80 da suka sha zoɓo 52 sun kwanta, cikin 120 da ba su sha ba 8 ne kawai. Na farko kashi 65, na biyu bai kai kashi 7 ba, wato wanda ya sha zoɓon ya ninka wanda bai sha ba haɗari kusan sau goma. Ba ki da na'ura ba ki da ɗakin gwaji amma kin san inda za ki je, ki tambayi mai zoɓon ina ta ɗebo ruwa, ina aka sayo ƙanƙara. Misali ne na ƙirƙira don ki gane, amma ainihin sana'ar da haka ta fara. A Landan a 1854 wani likita John Snow ya bi gida-gida lokacin kwalara yana tambayar wane kamfani ne yake ba su ruwa. Gidajen da suke shan ruwan kamfanin da yake ɗiba daga kogin Thames a cikin gari, inda ƙazanta take zuba, an yi mutuwa 315 a kowane gida 10,000, na kamfanin da ya matsar da wajen ɗibarsa can sama da gari kuwa 37 kacal. Lokacin nan manyan likitoci sun tafi a kan cewa wari da gurɓatacciyar iska ne suke kawo cutar. Rabawa kawai ya yi.

Mu koma kan mutuwa. Ma'auni mafi sauƙi shi ne a ƙirga duk wanda ya rasu a shekara a raba da yawan jama'a, a faɗe shi cikin dubu. Sauƙi gare shi amma mayaudari ne. In na ce miki a wannan ma'aunin Japan ta fi Nijar yawan mutuwa za ki ce wasa nake, alhali haka ne, na Japan ya haura 12 cikin dubu a 'yan shekarun nan, na Nijar bai kai 10 ba. Dalili shi ne Japan ƙasar tsofaffi ce, rabin mutanenta sun doshi hamsin ko sun wuce, Nijar kuwa kusan rabin jama'arta yara ne 'yan ƙasa da sha biyar. Tsoho kuwa ko a ina yake kwanansa ya matso. Mutumin Japan yana sa ran shekara 84, na Nijar sittin da 'yan kai. Don haka in za a gwada ƙasa da ƙasa sai an daidaita shekaru, a ɗauki 'yan shekara kaza na nan a gwada da sa'o'insu na can, ko a yi lissafin a ce da tsarin shekarunsu iri ɗaya ne da yaya abin zai kasance. In aka yi haka sai hoton ya juye gaba ɗaya.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na yara, kuma shi ba da yawan jama'a ake raba shi ba, da jariran da aka haifa da rai ake rabawa, cikin kowane dubu. Kashi uku ne kuma suna shiga cikin juna: wanda ya rasu a kwana 28 na farko, wanda ya rasu kafin ya cika shekara, da wanda bai kai biyar ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya ba da 39 da 67 da 132. Ki tsaya kan 132 ɗin nan, wajen yaro ɗaya cikin takwas ke nan. Kuma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, ya ɓoye abu da yawa, domin a binciken nan dai Ogun tana da 30, Kebbi tana da 252, yaro ɗaya cikin huɗu. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya. Burin da duniya ta sa wa kanta zuwa 2030 shi ne a sauko 25.

Kin san yadda ake samo waɗannan lambobin? Ba daga takardar shaidar mutuwa ba ne, mu da ake rasuwa da asuba kafin azahar an kai mutum makwancinsa, wa ya je ya yi rajista? Zama ake yi da uwa a tsakar gida a kan tabarma a bi haihuwarta ɗaya bayan ɗaya. Kuma nan ne za ki gane aikin nan ba lissafi kaɗai ba ne. Ki tambayi mace 'ya'yanta nawa ta ce biyar, alhali ta tsallake ɗan fari don kunya, ta kuma tsallake biyun da suka koma kafin suna don a wajenta ba a lissafa su, kuma wa yake son tuna wannan. Sai kin kwantar da murya, kin ce Baba ko akwai wanda Allah ya karɓi abinsa, ko da kwana ɗaya ya yi? Ya yi kuka da aka haife shi, ya motsa? Wannan tambayar ta ƙarshe ba don neman magana ba ce, ita take raba wanda aka haifa da rai ya rasu da wanda ya zo babu rai, kuma lissafinsu daban ne. Ma'aikaciyar da take sauri ta cike fom ta tafi, lambarta za ta fito da kyau, yaran da ba a faɗa mata ba sun ɓace daga lissafin ƙasa.

Na mata masu haihuwa kuma cikin 100,000 ake faɗarsa, shi ma a kan jariran da aka haifa da rai. Mutuwar da ake lissafawa ita ce wadda ta faru mace tana da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin kwana 42 bayan cikin ya ƙare, ko ta haihuwa ko ta ɓari, in dai cikin ne sanadi ko shi ya tsananta ciwon. Haɗarin mota ba ya ciki. Ki riƙe shi da arba'in ɗin jego, ki ƙara kwana biyu. Binciken 2018 ya ba da 512, wajen ɗaya cikin haihuwa ɗari biyu, burin 2030 kuwa ƙasa da 70 ne. Amma wannan haɗarin ciki ɗaya ne, macen da za ta yi ciki shida ko bakwai sau shida ko bakwai za ta tsallaka wannan siraɗin, shi ya sa binciken ya ƙiyasta mace ɗaya cikin 34 haihuwa ce za ta zama ajalinta. Ita ma lambar daga bakin mutane ake samo ta, ana tambayar mace 'yan'uwanta mata da suke ciki ɗaya, su nawa ne, wa ta rasu, tana da ciki ne ko jego.

Saura ɗaya, wanda korona ta fito da shi. In ba a iya gwada kowa ba, sai a bar tambayar me ya kashe su, a tambayi mutum nawa aka saba binnewa a irin wannan lokacin, yanzu kuma nawa ake binnewa. Rarar ita ce abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta rarar mutuwa miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka rubuta da sunan korona wajen miliyan 5.4 ne. A Kano a watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa abin ya fi ƙarfin yadda suka saba, tun kafin wani mai digiri ya buɗe baki. Daga baya aka bi iyalan mamatan ana tambayarsu alamun da suka gani, ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce cikin mutuwa kusan dubu da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 suna iya zama da alaƙa da korona. Gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ita ma yawan mutuwar yara da ya wuce ƙa'ida ne ya fara tona ta kafin a gano daga dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gida take.

Tunda kin ce wata mai zuwa za a tura ku asibitin sha-ka-tafi aikin koyo, ga abin da nake so ki yi min. Ki roƙi mai kula da wajen ya ba ki babban littafin rajistar marasa lafiya, ki buɗe wata ɗaya, ki nemi layin da ake rubuta sabon zuwa ne ko dawowa. Sau da yawa za ki tarar ba a cike shi ba, mai hawan jini ɗaya da yake zuwa karɓar magani duk wata an ƙirga shi sau goma sha biyu a shekara kamar mutum goma sha biyu. Ki ware sababbi daban, ki ware waɗanda suka zo daga wajen gundumar, sannan ki tambaya mutum nawa aka ce asibitin yana yi wa hidima da kuma inda aka samo wannan lambar. In kin gama ki turo min abin da kika samu na zazzaɓi da na hawan jini mu raba tare.